Murhun Yaya, Idon Inna

Ranar da aka kawo murhun Yaya tungarmu, na gaya wa 'yan ajinmu cewa jirgin da ya ɗauko shi sai da ya nutse a hanya, matuƙin ya tsamo shi da haƙori. Gaskiyar magana, jirgin ko girgiza bai yi ba. Amma murhun ƙato ne, wannan kam ban ƙara komai ba. Akwatin ƙarfe ne dogo kamar kabad ɗin amarya, da ƙofa, da tire-tire na waya a jere a ciki, da wurin zuba gawayi a ƙasa, sai bututu a ka wanda zai kai hayaƙi can sama inda babu idon kowa. Maza suka sauke shi a bakin ruwa suna nishi, yara suka biyo shi har gidanmu kamar an zo wasa da kura.

Saboda idon Inna aka yi shi. Inna bandar kifi take yi tun kafin a haife ni. Baba ya kamo, ita ta gyara, ta nannaɗe tarwaɗa ta soke da tsinke, ta jera a kan waya bisa rabin ganga, ta hura wuta a ƙasa ta zauna tana juyawa. Idonta na hagu ya mutu tun ban yi wayo ba, ni da ido ɗaya na san ta. To sai na daman ya fara ja yana hawaye, har da ciwon kai. Yaya ta zo ta kai ta asibitin ido a birni, likita ya ba da maganin ɗigawa, ya ce idan ya ƙare a koma, ya kuma ce ta rabu da hayaƙi idan tana son idon da ya rage. Inna ta ce masa to. A hanyar dawowa ta ce min likitan yaron kirki ne, sai dai da gani bai taɓa cin kifi da guminsa ba.

Yaya ita ce 'yar fari a gidanmu, ni ce auta, maza ne a tsakani. Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba, ba ta kallon ta ido da ido, ba ta mata magana kai tsaye. Kunyar ɗan fari ce, kuma Inna ta riƙe ta da ƙarfi fiye da duk matan tungarmu. Tun Yaya tana ƙarama aka ba Goggo riƙonta a Yelwa, a can ta yi boko har ta kai jami'a. Idan ta zo hutu sai Inna ta juya tana kallon danga, ta ce min, “Ce ma waccan ga hura nan.” Yaya tana zaune kusa da ita, har zannuwansu na taɓa juna, amma sai na ɗauki maganar na miƙa. Ni kuwa ba na miƙa saƙo haka nan babu gishiri.

“Yaya, Inna ta ce ga fura, ta ce tun da kika tafi ba ta runtsa ba don kewarki.”

“Ke, ja'ira! Yaushe na ce haka?”

“Ai a fuskarki na gani.”

Sai ta jefe ni da mafici, Yaya ta sunkuyar da kai tana dariya.

A lokacin Yaya tana digiri na biyu a kan harkar tafiyar da kasuwanci. Binciken da ta zaɓa shi ne na mata masu banda a bakin tafki: idan an kawo musu sabon murhu marar hayaƙi, za su karɓe shi? Sana'arsu za ta ci gaba? Ita da wani mai walda a Yelwa suka haɗa murhun. Kafin a kawo shi ta yi makonni tana bin tungaye daga wajen Wara har kusa da Shanga, tana zama da mata tana ɗaukar muryarsu a waya. Na raka ta wasu wuraren. Duk wadda aka tambaya yaya kasuwa sai ta ce alhamdu lillahi. Yaya riba? Alhamdu lillahi. Mece ce babbar matsalarki? Sai ta leƙa hagu da dama ta ce babu, sai godiya. Na ce wa Yaya ta rubuta alhamdu lillahi a shafi ɗaya ta kai wa malaminta, an gama digiri. Amma ita tana da haƙuri. Takan zauna ta taya su fere kifi har bakinsu ya buɗe.

Mace ɗaya ce ba ta samu ta tambaya ba. Da ta aiko ni in roƙi Inna, Inna ta riƙe haɓa ta ce, “Ni? In zamna gaban ɗiyar hwari tana yi min tambaya kamar alƙali? Ta tahi ta tambayi maƙwabta.”

Kifin farko da ya fito daga murhun, ban taɓa ganin irinsa ba. Launinsa ruwan zuma, yana ƙyalli, babu toka, babu ƙauri. Na ci har Baba ya ce a duba ko na bar wa kasuwa wani abu. Mata suka taru suna taɓawa. Aka yarda murhun zai zauna a gidanmu, masu so su riƙa kawo nasu bi da bi. Inna tana zaune a inuwa, gawayi yana aikinsa, hayaƙi yana tafiya sama. Na ga Yaya tana satar kallon idon Inna, ranar bai yi hawaye ba. Bayan kwana kaɗan ta koma makaranta. Ta bar min tsohuwar wayarta, ta ce in riƙa ɗaukar hoton duk kifin da aka fitar ina tura mata.

Ranar kasuwar Yauri na raka Inna da kwalayenmu. Akwai wani dillali da ya daɗe yana sayen kifinta yana haɗa wa fataken kudu, mutum mai tumbi da carbi a wuya. Ya buɗe kwali, ya ɗauki tarwaɗa ɗaya, ya juya ta, ya shinshina.

“Inna, wannan kuma fa? Bature kika aura?”

“Sabon murhu ne. Karya ka gani, ya bushe har ƙashi.”

Ya karya, ya ji ƙas, ya jefa a baki ya tauna. “Ya bushe, ga daɗi. Ni na yarda. Amma waɗanda nake kai wa da ido suke saye. In ba su ga baƙi ba cewa za su yi bai ga wuta ba, kafin ya kai Anacha ya ruɓe. Ba zan tsaya ina rantse-rantse a kan kowane kifi ba.”

Ya taya shi farashin gutsattsari, irin wanda ake sharowa a ƙasan kwali. Muka zagaya wajen wasu dillalan, duk bakinsu ɗaya. Na ce wa ɗaya daga cikinsu idan baƙi yake so ya je ya sayi gindin tukunya. Inna ta murɗe min kunne, ta sayar a yadda aka taya, muka shiga jirgi.

Sauran matan ba su ɓata lokaci ba. Ɗaya bayan ɗaya suka koma gangunansu. Inna ta bi su gida-gida ta roƙe su, idan mai karatu ta kira kada wadda ta ce mata an bar murhu. Suka yarda, don babu mai son ta zama ita ce ta kunyata 'yar maƙwabciya.

Da yamma ta kira ni bayan ɗaki ta yi min bayani. Ta ce akwai wani masassaƙi a tungar iyayenta wanda ya sassaƙa jirgi ya yi yoyo ranar farko. Tun daga ranar babu wanda ya sake ba shi aiki, har ya bar garin. Ta ce haka boko yake. Waccan ta kai wa malamanta murhu ta ce zai yi. In aka ji bai yi ba, an kayar da ita ke nan, shekarun da ta yi da wahalar Goggo duk sun bi ruwa.

“Ke da kike makaranta, ba haka ba ne? In ka kawo abin da bai yi ba, ba sihiri aka ba ka ba?”

Na tuna jan biron malamin lissafinmu da sifirin da yake zana mana, na ce haka ne. Da gaske na ɗauka haka ne.

To ga dabarar da ta ɓullo da ita. Za ta gasa kifi a murhun Yaya ya fito fes, in ɗauki hoto in tura. Daga nan ta kwashe shi ta kai bayan gida, ta jera a kan tsohuwar ganga, ta cusa ɗanyen itace da jiƙaƙƙiyar ciyawa a ƙasa don ya yi baƙi. Wanda bai san banda ba zai ɗauka hayaƙi duk ɗaya ne. Na busasshen itace yana da sauƙi. Na ɗanye shi ne mai kauri, mai yaji, shi ne ke rina kifi da sauri. Akuyarmu da ke cin leda da sabulu ba ta taɓa yin tari ba, amma idan Inna ta tayar da wannan hayaƙin sai ta tsinke igiya ta gudu bakin ruwa. A cikinsa Inna take durƙusawa tana juya kifi ɗaya-ɗaya, don kada wani gefe ya fi wani.

“Inna, likita fa ya ce...”

“Likita shi ka sayen kifi?”

“To kawo in juya miki.”

“Matsa can. Ke naki biyu ne, ki bar su biyu.”

Baba ya yi magana sau da yawa. Ya ce a gaya wa yarinya gaskiya, ko kuma a bar bandar gaba ɗaya a riƙa sayar da ɗanye. Inna ta ce ɗanye ba ya riƙe gida, kuma saura kaɗan waccan ta gama, in ta karɓi takardarta sai a yi duk yadda za a yi. Baba ba mai dogon musu ba ne, ga shi lokacin kifi ya ja baya, yakan yi kwanaki can sama wajen Shanga. Maganin ɗigawa ya ƙare. Inna ta hana a faɗa, domin Yaya ce mai kai ta asibiti, kuma ta san da likita ya haska idon zai ce a gaban Yaya, har yanzu kina shiga hayaƙi. Sai ta koma sa kwalli.

Yaya takan kira ta ce, “Auta, yaya murhu?” Inna tana gefe tana kallon danga, amma kunnenta yana wajena. In ce murhu lafiya lau, kifinmu har Legas ana rububinsa, an ce wani gwamna ya aiko a ajiye masa kwali. Yaya ta ce in rage ƙari, ta yi dariya, ta tambayi idon Inna. In ce da sauƙi. Idan na kashe wayar sai Inna ta ce, “Muryarta ta yi sanyi. Ko ba ta cin abinci?”

Haka damina ta wuce, ruwan tafki ya cika ya fara ja.

Wata safiya ina shirin makaranta, Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya, ta gyara lulluɓi, ta rusuna ta ce, “Malam, ina kwana? An tashi lahiya?” Turminmu ne a kife, na shanya farin hijabina a kansa. Na fashe da dariya har na zauna a ƙasa. Na ce Malam ya ce lafiya lau, yana gaishe da mutan gida, sai dai an daka masa kai jiya. Ina jira ta jefe ni da wani abu. Ba ta jefe ni ba. Tana tsaye inda take, ta ce a hankali, “To mi ne ne a wurin?”

Ban je makaranta ba ranar. Na zauna ina kallon ta. Na ga yadda take bin bango da yatsa, yadda take laluben bakin randa kafin ta ɗebi ruwa. Da ta tayar da hayaƙi ta kai hannu za ta ɗauki kifi, sai ta dafa wayar da ta yi ja. Ba ta yi ƙara ba, ta sa yatsun a baki ta ci gaba. Na ɗauki waya na tafi bakin ruwa, bayan wani jirgi da aka kife ana gyara.

“Yaya, Inna ba ta gani.”

“Auta, ban da ƙari, ina cikin aiki.”

“Wallahi yau babu ƙari.”

Ban taɓa yi mata rantsuwa ba. Sai ta ce in faɗa mata komai. Na faɗa, da dillali, da ganga, da maganin da ya ƙare.

Washegari da la'asar Yaya ta iso, ko jaka ba ta riƙo ba. Ta wuce murhunta da ke tsakar gida a goge tas, ta zagaya baya ta tarar da Inna durƙushe a cikin hayaƙi. Ta ɗauki bokiti ta kwara wa wutar ruwa. Inna ta ɗago.

“Wa ke nan? Wane ɗan banza ne...”

“Ni ce, Inna.”

Inna ta yi maza ta juya fuska wajen danga. “Auta, ce ma waccan sannu da hanya.”

Na buɗe baki zan miƙa, Yaya ta ɗaga min hannu. Ta durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar toka da fararen kayanta, ta yi wa Inna magana kai tsaye, abin da ban taɓa gani ba.

“Inna, ba a kayar da mutum don murhu bai karɓu ba. Abin da aka tura ni in gano ke nan. In mata sun ƙi shi, in dillalai sun ƙi kifin, in rubuta dalili. Shi ne aikin gaba ɗaya. Da kin aiko Auta ta ce min baƙi suke so, da tuni mun koma wajen mai walda.”

Tana magana tana kuka. Sauran hayaƙin yana tashi a tsakaninsu kaɗan-kaɗan.

“Auta,” in ji Inna, “tambaye ta. Ko an ƙi shi, za a ba ta takardar?”

“Za a ba ni, Inna.”

“Ko da an ce bai yi ba sam?”

“Ko da an ce haka.”

Inna ta shafa yatsunta da suka ƙone. Ta ce, “To.” Na so in yi wata magana da za ta sa su dariya, na laluba ban samu ba.

A asibiti likita ya daɗe yana haska idon. Ya ce ciwon ya ci jijiyar, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ya ce ba zai ɗora wa hayaƙi laifin duka ba, barin maganin ya fi yin ɓarna, da an dawo lokacin da ya ce da an tare da yawa. Abin da ya rage ɗan haske ne a tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin ƙofa, shi ma sai an yi da gaske zai zauna. Inna ta yi masa godiya, har ta tambaye shi iyali.

Da muka fito muna jiran mota a gindin wata bishiya, sai ta ja hannuna.

“Ce ma waccan ta hita inuwa, ta tsaya wurin rana.”

Yaya ta fita ta tsaya. Inna ta ce ta matso. Ta ƙara matsowa. Inna ta ɗaga kai, ta buɗe idon nan iyakar buɗewa, tana karkata fuska tana neman inda hasken yake, har ta samu. Ta kalli Yaya tun daga goshi har haɓa, a hankali, a gaban masu sayar da lemo da 'yan acaɓa. Yaya ta tsaya cak kamar mai ɗaukar hoton katin jarrabawa, hawaye na zuba ba ta share ba.

Can Inna ta sauke kai ta gyara lulluɓi. “Ta rame,” ta ce min. “Kuma goshin ubanta ne, ni ban sani ba.”

Yaya ta rubuta abin da ya faru a bincikenta, yadda ya faru, ba ta dai ce mahaifiyarta ba ce. An ba ta digirin. Ba mu yi taro ba, ita ce ta hana. Yanzu ita da mai walda suna gwada wata ƙofa da za ta riƙe hayaƙin a cikin akwatin ya rina kifin kafin ya fita ta bututu. Na farko da suka gwada ya fito kamar takalmin soja. Suna nan suna yi, ban san ko za a dace ba. Ɗan hasken Inna kuwa bai kai ƙarshen rani ba, duk da ba mu sake fashin magani ba.

Wata rana Baba ya fasa fita su, wato kamun kifi, ya zauna ya kwance igiyar wani tsohon taru, ya ɗaura ta daga ƙofar ɗakin Inna zuwa madafa, daga madafa zuwa randa, daga randa zuwa bayi, daidai tsayin ƙugunta. Da ya gama ya koma gefe ya zauna a kan tabarma kamar ba shi ya yi ba.

Inna ta fito, hannunta ya ci karo da igiyar. Ta tsaya. Ta bi ta a hankali har ginshiƙin madafa, ta lalubi ƙullin, ta ja shi.

“Wa ya ɗaura wanga?”

“Baba ne,” na ce.

“Shekara da shekaru yana su, har yau ƙullinsa sakwaf.”

Ta kwance shi, ta sake ɗaurewa da kanta, ta ja ta ji ya yi. Sannan ta kama igiyar ta nufi randa.